Tayin Saliha

Saliha tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, a garin Azare. Gidansu yana unguwar Matsango. A duk ajinsu babu wanda ya kai ta iya kwamfuta. Ita take kunna wa Malama Abigel, malamar kwamfuta, na'urorin makaranta, ita take kashewa. In aka ce kowa ya buga sunansa, kafin wasu su gano harafin farko ita ta gama. Ta san da haka, kuma tana so kowa ya sani.

Babanta, Malam Uzairu, fataucin shanu yake yi. Yakan sayo a ƙauyukan Giade da Bulkachuwa, ya kai kara, wato kasuwar dabbobi, ya sayar. Bai san komai a kan kwamfuta ba. Ko saƙon waya sai an karanta masa. Amma a kara an san shi da abu guda. Kun dai san yadda ciniki yake. Mai saye ya yi tayi. In bai yi wa mai kaya ba, ya ce albarka. In ya yi masa, ya ce na sallama. To Malam Uzairu in ya taya saniya aka sallama masa, ya saya ke nan. Ko daga baya ya ga tana ɗingishi, ba ya janyewa.

Wan Saliha, Abdulmumini, wanda take kira Hamma, ya gama karatun zanen gidaje. Shi yake zana wa magina yadda gida zai kasance kafin a haƙa tushe. Da wata tsohuwar laftof yake aiki. Da ya buɗe babban zane sai ta tsaya cik, ta ɗauki zafi, fankar cikinta ta yi ta kuka.

Ana nan sai wani ɗan kwangila ya ba shi aikin zanen gidan bene mai hawa biyu. Wannan ne babban aikinsa na farko. Mutumin ya ce mako uku ya ba shi. In bai gama ba, zai kai wa wani.

Baba bai yi dogon tunani ba. Ya sayar da bijimai biyu cikin nasa na kiwo, ya ce a saya wa Hamma kwamfutar tebur mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki aikin.

Da yamma suna zaune a tsakar gida, aka shiga shawarar inda za a saya. Hamma ya ce abokansa sun ce Kano ta fi araha. Ya ce ya kuma ga wata a intanet, kuɗinta da sauƙi. Inna ta ce ita dai ba ta son abin da ba a gani da ido ba. A cikin hirar ne Baba ya faɗi kuɗin da bijiman suka yi. Saliha tana gefe tana ji.

Sai ta sa baki, ta ce a bar mata, ai ita ce ta ɗaya a kwamfuta. Hamma ya yi dariya, ya ce Hajiya Injiniya ta fara gama koyon buga suna tukuna. Inna ta ce ta tashi ta kwashe kwanuka.

Saliha ta kwashe kwanukan, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Washegari da aka tashi daga makaranta, ba ta bi hanyar gida ba. Ta biya ta shagon Alhaji Maikuɗi, mai sayar da kwamfutoci da kayan waya a bakin titi. Ta sha zuwa sayen caja in Baba ya aike ta, don haka Alhaji ya san ta.

Tun daga ƙofa ta hango ta. Allonta ya kusa girman taga. Akwatinta na gilashi ne, ana ganin cikinsa, fitilu suna juyawa daga ja zuwa shuɗi zuwa kore. Ga lasifika biyu a gefe da gefe. Saliha ba ta taɓa ganin kwamfuta mai kyanta ba. A ranta ta ce duk Azare babu wadda ta kai wannan ƙarfi.

Ta gaida Alhaji, ta tambayi kuɗinta. Ya faɗa mata. Sannan cikin wasa ya ce, “'Yar Malam Uzairu, ko za ki taya ne?”

Saliha ta sha ganin Inna tana taya atamfa da tattasai. Ta ɗauka ba wani abu ba ne. Ta gyara tsayuwa, ta faɗi kuɗin bijiman nan gaba ɗaya, yadda ta ji a bakin Baba.

Alhaji ya daina murmushi. Ya dube ta da kyau.

“Malam ne ya aiko ki?”

A nan ne ya kamata ta ce a'a. Amma akwai mutane biyu a shagon, kuma duk sun juyo suna kallonta.

“E, shi ya aiko ni,” in ji ta. “Ya ce ni na san kwamfuta a gidanmu.”

Alhaji ya kira wayar Baba don ya tabbatar. Baba kuwa yana can ƙauye wajen sayen shanu, wayar ba ta shiga. Alhaji ya ajiye wayar, ya ce ba komai, ya san Malam Uzairu shekara ashirin, maganarsa ba ta bukatar shaida.

“Na sallama. Allah ya sa albarka.”

Ya kashe fitilun, ya ɗauko wani zane ya lulluɓe kwamfutar. Saliha ta fito tana tafiya kamar ba a ƙasa take takawa ba.

Da Baba ya dawo bayan la'asar, ko ruwa bai gama sha ba ta tare shi da labari. Ta ce ta hutar da kowa. Ta kwatanta allon da hannuwanta, ta faɗi launin fitilun ɗaya bayan ɗaya. Hamma ya tambaye ta wace irin ƙwaƙwalwa ce a ciki, kuma akwai katin zane, wato abin da ke sa manyan hotuna su motsa ba tare da tsayawa ba. Ta ce ba ta tambaya ba, amma ai da gani ya isa.

Baba tambaya ɗaya ya yi mata. “Da sunan wa kika taya?”

Ta sunkuyar da kai. “Da sunanka.”

“Ya sallama?”

“Ya sallama.”

Baba ya ajiye kofin. Bai daka mata tsawa ba. Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci.

Da safe Baba da Hamma suka tafi shagon. Ranar Asabar ce, babu makaranta, sai Baba ya ce Saliha ta biyo su. Alhaji ya yaye zanen, ya kunna. Fitilu suka shiga juyawa. Hamma ya soka filash ɗinsa, ya buɗe zanen gidan benen.

Zanen ya fito rabi, ya tsaya. Hamma ya motsa linzamin kwamfutar, zanen bai motsa ba. Suka jira. Da ƙyar ya ƙarasa fitowa, da Hamma ya so ya juya shi ya ga bayan gidan, sai ya sake tsayawa. Fitilun dai ba su fasa juyawa ba.

Alhaji ya ce shi bai san aikin zane za a yi da ita ba. Wannan ta kallo ce da koyarwa, kuɗinta a allo da lasifika yake. Da an tambaye shi da ya faɗa. Ya ƙara da cewa jiya bayan fitar yarinyar wata mata ta zo da niyyar saye, ya ce mata an riga ta.

Saliha ta jira Baba ya ce ba shi ya aike ta ba. Bai ce ba. Ya ce da Alhaji ya ba shi zuwa Litinin da yamma, zai kawo kuɗin.

A hanya Hamma ya kasa haƙuri. Ya ce Baba ya sani in aka sayi wannan, aikin ɗan kwangila ya tafi, bijimai ma sun tafi.

Baba ya ce ya sani. Ya ce, “An yi tayi da sunana, an sallama, an kori mai saye saboda ni. In na janye, gobe a kara wa zai sallama mini akuya? Kuma ba zan tsaya a bainar jama'a in ce 'yata maƙaryaciya ce ba.”

A haka suka isa gida.

Ranar Hamma bai ci abincin rana ba. Ya shiga ɗaki ya buɗe tsohuwar laftof ɗinsa. Daga tsakar gida ana jin fankarta tana kuka. Bai yi wa Saliha faɗa ba, bai kuma kira ta Hajiya Injiniya ba. Ita kuwa da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ta kira Saliha ta zauna kusa da ita, ta tura mata rabi. Suna cikin tsinta Inna ta fara magana. Ta tambaye ta ko ta gane abin da ta yi. Saliha ta ce ta zaɓi kwamfutar da ba ta da kyau.

Inna ta ce wannan ƙaramin kuskure ne, ko babba zai iya yi. Babban shi ne ta ɗauki sunan babanta ta kai kasuwa ba da saninsa ba. Ta ce sunan nan shekara da shekaru yana gina shi, a rana, a cikin ƙura da kashin shanu. Yanzu ya zaɓi ya yi asara don ya rufa mata asiri.

Saliha ta fara kuka. Inna ta bar ta ta yi. Da ta tsagaita, ta tambayi Inna ko akwai abin da za a yi.

Inna ta ce a islamiyyar matan aure an koya musu cewa wanda ya saya ya yi nadama zai iya roƙon mai kaya ya warware cinikin. Ba dole ba ne mai kaya ya yarda. In ya yarda, Allah zai ba shi lada mai yawa. Amma roƙo irin wannan ba a yin sa da ƙarya a baki.

“Babanki ba zai faɗa ba,” in ji Inna. “Hammanki ba zai faɗa ba. Ni ma ba zan faɗa ba. Saura mutum ɗaya.”

Saliha ta share hawaye. Ta ce tana jin kunya. Inna ta ce kunyar daidai ce, ta tafi da ita.

Bayan sallar la'asar suka saka hijabi suka fita. Da suka isa, Inna ta tsaya a inuwar wani shagon tela, ta ce daga nan ita kaɗai za ta ƙarasa.

Shagon ya fi jiya cika. Saliha ta durƙusa ta gaida Alhaji. Ba ta rage muryarta ba.

“Alhaji, ƙarya na yi maka. Baba bai aiko ni ba. Ni na so a ce na iya. Bai faɗa maka ba ne don kada ya kunyata ni. Don Allah ka yafe mini, ka warware cinikin.”

Mutanen shagon suka juyo suna kallo. Ran Alhaji ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba. Ya ce ciniki ba wasan yara ba ne. Ya ce saboda ita ya kori mai saye, kuma bai san ko za ta dawo ba. Saliha ba ta kare kanta ba. Duk abin da ya faɗa sai ta ce haka ne.

Ya tambaye ta ko babanta ne ya turo ta yanzu. Ta ce a'a, bai ma san ta zo ba. Alhaji ya juya ya kalli titi. Can ya yi ajiyar zuciya.

“Wato Malam Uzairu ya yarda ya biya ni kuɗin bijimai biyu don kada ya ƙaryata 'yarsa. Ke kuma kin zo kin ƙaryata kanki don kada ya yi asara. Tashi. Na warware, don Allah.”

Saliha ta yi godiya har sau uku. Sannan ta tambaye shi wace ce matar da ya kora, ko za ta iya nemo ta. Ya ce wata malamar makaranta ce, doguwa, mai tabarau, 'yar wajen Tafawa Ɓalewa. Matar ta ce masa iyayen yara ne suka haɗa kuɗi a saya wa aji mai babban allo. Nan take Saliha ta gane ta. Malama Abigel ce.

Ran Litinin tun kafin a buga ƙararrawa ta sami Malama a ɗakin kwamfuta. Ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Malama ta cire tabarau ta dube ta. Ta ce ashe ɗalibarta ta ɗaya ce ta ƙwace wa aji allo. Sannan ta ce za ta koma shagon a ranar, don wannan kwamfutar ita ce daidai da su: yaran da ke bencin baya ma za su gani.

Ta jawo wa Saliha kujera. Ta ce abin da ba ta koya musu ba tukuna shi ne, ba a fara tambayar wace kwamfuta ce ta fi kyau. Ana fara tambayar wane aiki za ta yi. Ta sa Saliha ta buɗe littafinta ta rubuta. Me ke cikin akwatin? Za a bar ni in gwada ta da aikina kafin in biya? Akwai takardar garanti? In ta lalace, wa zan kai wa, kuma ina yake?

Da yamma Saliha ta kai wa Hamma littafin. Ya karanta, ya ɗaga kai ya dube ta, ya matsa mata a kan tabarma. Tare suka bi wuraren da ake sayar da kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Mai ta intanet ya ce sai an tura kuɗi kafin ya aiko, kuma babu gwaji. Suka bar shi. Hamma ya kira wani shago a Kano. Kayansu masu kyau ne, akwai garanti, kuɗin ma ya ɗan fi sauƙi. Amma in wani abu ya samu, sai an ɗauke ta an shiga mota, kwana ɗaya ya tafi. Saliha ta ce su tambayi Alhaji Maikuɗi ma, tunda wancan karon ba a gaya masa aikin ba.

Alhaji ya saurari bayanin Hamma. Ya ce irin wannan ba ya ajiye ta a shago, haɗa ta ake yi. Zai sa a kawo masa kayan cikin, mai gyaransa ya haɗa a gaban Hamma. Ya ce kada su kashe kuɗi a ado. Su sa shi a ƙwaƙwalwa da katin zane, su ɗauki matsakaicin allo. Ba za su biya ba sai sun gwada.

Bayan kwana huɗu aka kira su. Suka tafi su uku. Kwamfutar tana kan tebur, baƙin akwati ne kawai, ko fitila ɗaya babu sai ta kunnawa. Saliha ta ɗan yamutsa fuska.

Hamma ya buɗe zanen. Kafin ya ɗauke hannu daga linzami, gidan benen ya fito gaba ɗaya. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Ya ɗage rufin, aka ga ɗakuna da matakala. Ko sau ɗaya bai tsaya ba. Baba ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya tambaya ko da gaske Abdulmumini ne ya zana wannan da hannunsa. Da aka ce masa e, sai ya ce masha Allah, ya juya yana nuna wa mutanen da ke shagon, yana cewa ɗansa ne.

Saliha ta buɗe littafinta. Ta tambayi Alhaji garantin wata nawa ne, kuma a rubuce ne ko a baki. Ta tambaya in ta samu matsala mai gyaran zai zo gida ne ko su za su kawo. Alhaji ya amsa duka, ya ce da Baba wannan yarinyar sai ta hana ɗan kasuwa cin riba.

Aka zo kan kuɗi. Alhaji ya faɗi nasa. Baba ya dubi Saliha.

“Yau ni na aike ki. Taya mana.”

Ta kalli Hamma, ya raɗa mata a kunne. Ta faɗa.

“Albarka,” in ji Alhaji.

Kowa ya yi dariya, har da Saliha. Baba ya karɓi cinikin daga nan. Ya ɗan ƙara, Alhaji ya ɗan rage, har aka sallama. Kuɗin bijiman ya isa, har da ragowar da aka sayi abin kare kwamfutar daga hawa da saukar wutar lantarki.

Hamma ya gama zanen saura kwana biyu wa'adin ya cika. Ɗan kwangilar ya karɓa, ya ce akwai wani aikin bayan damina.

Ranar Inna ta dafa shinkafa da wake, ta sa mai da yawa. Maƙwabciyarsu ta shigo taya murna, ta ce ta ji Saliha ce ta samo kwamfutar, lallai yarinyar akwai ƙwaƙwalwa.

Inna ta ce ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba ta, alhamdu lillahi. Amma ita ba wannan ne ya fi faranta mata rai ba. Ta ce 'yarta ta shiga shago cike da mutane, ta durƙusa, ta ce ni na yi ƙarya, babu wanda ya riƙe mata hannu.

Saliha tana bakin murhu tana ji. A da, da ta fito ta ƙara nata bayanin. Ranar sai ta ci gaba da iza wuta, tana murmushi ita kaɗai.

Yara, ku riƙe wannan. Kada ku yi magana da sunan iyayenku in ba su aike ku ba. Kada ku zaɓi abu don ƙyallinsa, ku fara tambayar aikin da zai yi. In kuma kun yi kuskure, ku je ku faɗa da bakinku tun kafin wani ya biya a madadinku. Yaron da ya yi haka, iyayensa za su yi alfahari da shi ko a gaban wa.